Mugu Ba Shi da Kama: Masanin Halayya da Farautar Masu Kisan Ɗauki-ɗai-ɗai

A gidanmu da ke Garwa, in an idar da sallar isha'i bango ya fara huce zafin rana, tsakar gida ake fito da talabijin a shimfiɗa tabarmi. Cikin abubuwan da ke zuwa ta tauraron ɗan Adam akwai wani irin wasan kwaikwayo da matasan gidan ba sa yarda ya wuce su, wato na 'yan sanda da masanin halayyar ɗan Adam. Na Amurka da aka juya zuwa Faransanci da sunan Esprits criminels, wanda aka fara a 2005, da na Faransa mai suna Profilage da tashar TF1 ta fara nunawa a 2009, su aka fi sani a wajenmu, amma duk zubinsu ɗaya ne. A tsinci gawa. 'Yan sanda su yi ta kai da kawo su rasa bakin zaren. Sai a kira wata masaniya ta tsaya a kan gawar shiru, ta dubi yadda aka ɗaure hannuwan, ta dubi abin da aka ɗauke da abin da aka bari, sannan ta juyo ta ce: namiji ne, shekarunsa tsakanin 30 da 40, shi kaɗai yake zaune, an wulaƙanta shi yana yaro, kuma zai sake kashewa kafin Juma'a. Kafin minti 45 su cika ga shi nan da ankwa a hannu, kuma duk abin da ta faɗa ya zo daidai.

Wani dare Goggo, wadda ba ta jin Faransanci sai abin da jikokinta suka fassara mata, ta ajiye carbinta ta ce, "Wai ni wannan baiwar Allah ƙasa take bugawa ne, ko aljanu gare ta?" Ɗan yayana ya ce, "A'a Goggo, karatu ne. Halin mutane ta karanta a jami'a." Ta ce, "To in karatu ne, yaya ba ta taɓa yin kuskure ba? Ai wanda ya haddace izu sittin ma ana yi masa gyara."

Tambayar nan ta zauna mini a rai, domin ta taɓa ainihin wurin da wasan ya rabu da gaskiya. Sana'ar tana nan, akwai mutanen da suke cin abinci da ita. Kuma suna kuskure, wani lokaci kuskure mai cin rai.

Da farko sai a san wane irin makashi ake nufi. Mu a nan arewacin Kamaru ba baƙin kisa ba ne. Mun san 'yan zargina, masu fashi a kan hanya, da suka addabi hanyoyinmu har gwamnati ta kafa rundunar sojojin ɗaukin gaggawa ta BIR a 2001, mun san masu satar mutane a rugage don kuɗin fansa. Waɗannan duk ana gane abin da suke nema, shanu ne ko kuɗi, kuma duk wanda aka san abin da yake nema ana iya yi masa tarko da shi. Mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai daban ne. A taron da hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta kira a San Antonio a 2005, masana suka tsaya a kan cewa shi ne wanda ya kashe mutum biyu ko fiye a lokuta daban-daban. Yakan kashe, ya koma gida ya ci abinci, ya je aiki, ya yi wata uku ko shekara uku, sannan ya sake. Galibi bai san wanda ya kashe ba. Wannan shi ke karya ƙafar binciken 'yan sanda, don mafi yawan kisan da ake warwarewa ta hanyar dangantaka ake bi: wa ya yi faɗa da mamaci, wa ke binsa bashi, wa ke neman matarsa, wa zai ci gadonsa. In babu dangantaka, jami'i na tsaye ne a kan gawa da gari guda na mutane a bayansa, bai san ta kan wa zai fara ba.

Nan ne masanin halayya yake shigowa, kuma abin da yake yi ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa ganin Bafulatanin daji yana bin sawun shanun da aka sace ya ga irinsa. Zai durƙusa ya ce mutum uku ne suka kora su, ɗaya yana ɗingishi, sun wuce kafin raɓa ta sauka, kuma ba 'yan yankin nan ba ne don sun bi ta inda ɗan gari ya san akwai laka. Bai faɗi sunan ɓarawo ba. Bai ce ya ga fuskarsa ba. Ya dai rage maka faɗin dajin da za ka nema. Haka ma a cikin Suratu Yusuf, mai shaidar nan bai ga abin da ya faru a ɗaki ba, riga ya ce a duba: in ta gaba ta yage ga abin da ke nan, in ta baya ce ga abin da ke nan. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan ƙarina, wato alama mai nuni. Masanin halayya sawun ɗabi'a yake karantawa. Wanda ya zo da igiyarsa daga gida ya shirya ne. Wanda ya ɗauki gawa ya kai ta wani lungu da ba kowa ya sani ba, ya san unguwar, kuma wataƙila yana da abin hawa. Wanda mace ta bi shi da rana tsaka ba tare da ihu ba, to yana da baki mai daɗi da shigar mutunci. Akwai kuma bambanci tsakanin abin da makashi ya yi don aikin ya yiwu masa, wanda yakan canza shi yayin da yake ƙwarewa, da abin da ya yi ba don wata bukata ba sai don ya gamsar da wani abu a zuciyarsa, kamar rufe fuskar gawa ko ɗauke ɗan kunne guda. Wannan na biyu shi masana suka fi sa wa ido wajen gane cewa hannu ɗaya ne ya yi kisa biyu.

Iyakar abin ke nan in an tsaya a kan gaskiya. To daga ina tatsuniyar mai gani har hanji ta samo asali?

Tun a 1888 wani likitan 'yan sanda a Landan, Thomas Bond, ya rubuta yadda yake zaton kamannin mai kashe mata a unguwar Whitechapel, kuma har yau ba a kama kowa ba balle a gwada zancensa. Amma labarin da ya haifi duk waɗannan wasannin shi ne na birnin New York. Shekara 16, daga 1940 zuwa 1956, wani yana dasa bama-bamai a gidajen sinima da tashoshin jirgin ƙasa, fiye da 30, yana kuma aika wasiƙu na zagin kamfanin wutar lantarkin birnin. Da 'yan sanda suka gaji, suka je wurin wani likitan ƙwaƙwalwa, James Brussel. Ya duba hotuna da wasiƙun ya ce a nemi dattijo gwauro, mai tsabta da tsari, ɗan asalin gabashin Turai, wanda ke zaune da wata 'yar'uwarsa. Wai suna fita ya ƙara da cewa ranar da za ku kama shi, za ku same shi cikin kwat mai maɓallai layi biyu, kuma a ɓalle. A watan Janairun 1957 aka kama George Metesky a garin Waterbury. Gwauro ne, iyayensa daga Lituwaniya suka zo, yana zaune da yayyensa mata biyu. Da dare aka same shi cikin kayan barci, aka ce ya shiga ya sa kaya, sai ga shi ya fito cikin kwat mai maɓallai layi biyu, a ɓalle tsaf.

Wa zai ji wannan bai yi mamaki ba? Sai dai abu biyu ne ba a cika faɗa ba. Irin wannan kwat ita dattawa da yawa suke sawa a zamanin. Sannan ba siffantawar likitan ce ta kai 'yan sanda ƙofar gidan ba. Metesky da kansa ya rubuta wa wata jarida cewa ya ji rauni a wurin aiki a kamfanin a 1931 aka hana shi diyya. Wata ma'aikaciyar kamfanin, Alice Kelly, ita ta zauna tana buɗe tsofaffin fayil-fayil ɗaya bayan ɗaya har ta ci karo da nasa, ta ga kalmomin da ke cikin wasiƙun su ne a takardun ƙorafinsa. Likitan ya rubuta littafi daga baya ya yi suna, kuma waɗanda suka koma suka duba abin da ya faɗa tun farko sun tarar ya tsallake wuraren da ya yi kuskure. Ita kuwa mai buɗe fayil, da wuya ka ji wanda ya san sunanta. Wannan rashin adalcin yana damuna, kuma shi ake maimaitawa a talabijin kowane dare.

A 1972 FBI ta kafa sashen nazarin ɗabi'a a makarantarta da ke Quantico. Daga ƙarshen shekarun 1970, jami'anta biyu, John Douglas da Robert Ressler, tare da wata malamar jami'a, Ann Burgess, suka riƙa shiga gidajen yari suna hira da makasa, har mutum 36. Daga nan suka raba makasa gida biyu: mai tsari, wanda ke shiryawa ya share sawunsa, da mara tsari, wanda ke afkawa ya bar komai a warwatse. Duk wanda ya kalli waɗannan wasannin ya sha jin wannan rabon kamar karatun allo. Amma mutum 36 kaɗan ne, kuma waɗanda aka kama ne, waɗanda suka yarda su yi magana, mutanen da ƙarya ce sana'arsu. A 2004 wani masanin Ingila, David Canter, da abokan aikinsa suka gwada rabon a kan makasa 100 na Amurka, suka tarar bai tsaya ba. Kusan kowane makashi yana da alamun tsari da na rashinsa a cakuɗe.

Shi Canter ɗin ba maƙiyin sana'ar ba ne, yana cikin manyanta. A 1986 ya taimaka wa 'yan sandan Landan a kan wani mai yi wa mata fyaɗe da kisa a kusa da tashoshin jirgin ƙasa. Abin da ya yi shi ne zama da taswira. Ya jera wuraren da aka kai harin bisa lokaci, ya lura cewa na farko-farko sun taru a yanki guda, ya ce mutum yakan fara ne a inda ya sani, saboda haka a nemi gidansa a can. Sunan John Duffy yana cikin jerin mutum kusan 2,000 da ake zargi, can ƙasa. Bayanin Canter ya ɗago shi sama, aka sa masa ido, aka kama shi, kuma hujjojin zahiri suka ɗaure shi a kotu a 1988. A ganina wannan shi ne aikin a mafi kyawun surarsa: jerin sunaye yana nan, 'yan sanda ne suka tara shi da guminsu, masani ya ce ku fara daga nan.

Sau nawa hakan ke faruwa? Wani ɗan sandan Ingila, Gary Copson, ya bi diddigin lokuta 184 da aka nemi irin wannan shawara, ya wallafa sakamakon a 1995. Mafi yawan jami'an sun ce shawarar ta amfane su, ta buɗe musu tunani. Amma lokutan da ita ce ta kai ga gano mai laifin ba su kai 3 cikin 100 ba. Akwai kuma wata matsala da Goggo za ta gane nan take. Da yawa cikin waɗannan siffantawar suna kama da maganar mai duba: kana da maƙiyi a kusa da kai, ka taɓa yin asara, akwai tafiya a gabanka. A ce makashin mutum ne mai son kaɗaici amma yana iya shiga jama'a, yana da fushi a ɓoye, ya taɓa samun matsala da mace. Wane ne wannan bai hau kansa ba? Bayan an kama mutum sai a waiwaya a ce ai kuwa an faɗa.

Inda abin ya fi muni shi ne ranar da aka ɗauki ƙiyasi aka mai da shi hujja. A watan Yulin 1992 aka kashe wata matashiya, Rachel Nickell, da rana tsaka a wani filin shan iska na Wimbledon a Landan. An soke ta da wuƙa sau 49, a gaban ɗanta ɗan shekara biyu. Ƙasar ta girgiza, jaridu suka hau kan 'yan sanda. Aka kira wani masanin halayya, Paul Britton, ya zayyana irin mutumin da zai aikata haka. Sai ido ya faɗa kan Colin Stagg, wani mara aikin yi, mai zaman kaɗaici, wanda ke yawo da karensa a filin, mai wasu ɗabi'u da maƙwabta suke gani baƙi. Babu jini, babu wuƙa, babu wata shaida ta zahiri da ta haɗa shi da kisan. Aka sa wata 'yar sanda ta yi shigar burtu ta nuna tana sonsa, wata da watanni tana rubuta masa wasiƙu tana jansa da zancen batsa da zubar da jini, har tana nuna masa ba za ta yarda da shi ba sai in shi ne ya yi kisan. Bai taɓa cewa shi ne ba. Duk da haka aka kama shi, ya yi wata 13 a tsare. A 1994 alƙali ya yi watsi da shari'ar, ya kira dabarar yaudara mafi muni. Amma jama'a ba su sake shi ba. Shekara da shekaru yana yawo da tambarin wanda ya kashe ya sha.

An bar jaki ana dukan taiki. Yayin da hankali ke kan Stagg, ainihin makashin, Robert Napper, ya shiga gidan wata mata, Samantha Bisset, a watan Nuwamban 1993, ya kashe ta da 'yarta 'yar shekara huɗu. Sai da gwajin ƙwayar halitta na DNA ya ci gaba aka koma kan tsofaffin kayan shaida, sannan gaskiya ta fito. Napper ya amsa laifin kashe Rachel Nickell a 2008, a shekarar kuma aka biya Stagg diyyar fam 706,000. Kuɗin ba su dawo masa da ƙuruciyarsa ba, ba su kuma ta da uwa da 'yarta ba.

In mutum ya bi tarihin yadda aka kama manyan makasan nan, abin da zai yi ta cin karo da shi ƙananan abubuwa ne. Peter Sutcliffe, wanda ya kashe mata 13 a arewacin Ingila, sau tara 'yan sanda suna yi masa tambayoyi suna sakinsa, saboda bayanan suna warwatse a kan katuna dubbai da ba wanda ke iya haɗa su. A ƙarshe lambar mota ta bogi ce ta sa aka tsare shi a Sheffield a Janairun 1981. Dennis Rader na jihar Kansas ya kashe mutum 10, ya yi shekara fiye da 30 ba a san shi ba, yana da mata da 'ya'ya, har shugabancin kwamitin cocinsu ya riƙe. Faifan kwamfuta da ya aika wa wata tashar talabijin a 2005 shi ya tona shi. A 2002, lokacin da ake harbe mutane a kewayen birnin Washington, masana suka cika gidajen talabijin suna cewa farar fata ne shi kaɗai, ana ta tare fararen motoci. Ashe baƙaƙe ne su biyu a cikin shuɗiyar mota. Kusa da mu kuma, a Fatakwal a 2019, kyamarar tsaro ta wani otal ce ta nuna fuskar mutumin da ke shaƙe mata a ɗakunan otal.

A nahiyarmu, ƙasar da ta ɗauki wannan ilimi da gaske ita ce Afirka ta Kudu. Wata masaniyar halayya, Micki Pistorius, ta shiga aikin 'yan sanda a 1994, ta jagoranci sashen da ke wannan aiki, ta horar da jami'ai masu yawa. A zamaninta ne aka yi farautar Moses Sithole, wanda kotu ta same shi da laifin kashe mutum 38 ta yanke masa shekara 2,410 a 1997. Ina so a lura da yadda yake samun waɗanda yake kashewa. Ba ya tsallaka katanga, ba ya fitowa da dare da rufaffiyar fuska. Da rana yake tarar mace mai neman aiki, cikin shiga mai kyau da magana mai laushi, ya ce akwai gurbi a ofishinsu, ta zo ya raka ta, ga wata 'yar gajeriyar hanya ta cikin fili. Kuma abin da ya fito da sunansa shi ne bin sawun matan da aka kashe, a tambayi 'yan'uwa da abokan aiki wa ta ce za ta je gani a ranar ƙarshe.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan fagen karin maganar ba ta aiki. Wadda ke aiki ita ce mugu ba shi da kama.

Shi ya sa nake jin tsoron darasin da matasanmu ke ɗauka daga talabijin, cewa makashi yana da siffa kuma mai ido zai gane shi. Mun san abin da siffa take jawowa a garuruwanmu. Yaro ya ɓace a unguwa, kafin la'asar an fara nuna wani da baki: baƙon nan da ba ya gaisawa da kowa, tsohuwar nan mai jan ido, mahaukacin da ke kwana a bakin kasuwa. Ihu ɗaya ya isa a taru da sanduna da duwatsu, kafin jandarma su iso an gama. Colin Stagg ya samu alƙalin da ya tsaya masa. Wanda aka rufar wa a bakin kasuwa ba ya kaiwa gaban alƙali. Kuma game da masu taɓin hankali, gaskiya ne akan samu makashi mai ciwon ƙwaƙwalwa, Napper ma yana cikinsu, amma mafi yawan masu wannan kisan da hankalinsu garau, sun san abin da suke yi, sun san haramun ne, shi ya sa suke ɓoyewa. Abin da suka rasa tausayi ne da nadama. Mara lafiyar da ke yawo tsirara yana magana shi kaɗai ya fi kusa da a cuce shi fiye da ya cuci wani, kuma ba shi da dabarar da zai ja mace ta bi shi.

Akwai kuma wata siffar da muke da ita tun kafin talabijin. Duk gawar da aka tsinta an yanke wani sashe na jikinta, hukuncinmu a shirye yake: matsafa ne, wani mai kuɗi ne ya aiko. Haka aka yi ta faɗa lokacin da aka riƙa tsintar gawarwakin 'yan mata a unguwar Mimboman ta Yawunde a ƙarshen 2012 da farkon 2013. Kisan tsafi yana nan, ba mai musun haka. Amma yanke sassan jiki abu ne da aka sha gani a wurin makasan Turai da Amurka waɗanda ba su taɓa jin sunan boka ba. In mai bincike ya rufe ƙofa tun ranar farko ya ce tsafi ne, zai tafi neman attajiri da bokansa, alhali wataƙila mai abin yana nan yana sayar da kati a bakin titi. Amfanin masanin halayya na gaskiya a irin wannan wuri shi ne ya hana a yi saurin rufe ƙofa.

To a ce yau an kawo mana irin masaniyar nan ta talabijin an ajiye ta a Garwa ko Marwa ko Njamena. Me za ta karanta? In aka tsinci gawa a bakin Binuwai, kafin hukuma ta zo mutum ɗari sun kewaye wurin, an take sawu, wani mai tausayi ya kwance igiyar ya rufa mata zane, wasu sun ɗauki hoto sun watsa a WhatsApp. Dangi kuma, bisa addini da al'ada, burinsu a yi sutura kafin rana ta faɗi, kuma zancen a buɗe gawa a asibiti yana yi wa zuciya nauyi. Ban ga laifin mai son suturta ɗan'uwansa ba, ni ma haka zan so. Sai dai ɗaukar hoto a tsanake, da duba wuya da farce, da ajiye igiyar da tufafin a cikin leda, ba sa hana jana'iza a ranar, kuma malamanmu suna da abin faɗa a kan haƙƙin jinin da aka zubar.

Sannan ga iyaka. Mutum na iya karyawa a Yola ya kwana a Garwa, ko ya tsallaka gadar Ngeli daga Kusseri ya shige Njamena cikin 'yan mintoci. Gawa ɗaya tana littafin jandarma da Faransanci, ɗaya tana littafin 'yan sandan Najeriya da Ingilishi, ta uku ba ta shiga littafin kowa ba don mai unguwa da dangi sun binne. Ko ofishin 'yan sandan duniya, Interpol, na yankin tsakiyar Afirka da ke Yawunde ba zai haɗa abin da ba a rubuta ba. Amurkawa sun sha wannan wahalar tsakanin jihohinsu, shi ya sa a 1985 suka kafa rumbun bayanai na ViCAP don a riƙa gwada kisa da kisa. Tunanin ya fito ne daga wani ɗan sanda, Pierce Brooks, wanda a shekarun 1950 yakan je laburare yana buɗe jaridun wasu garuruwa da hannu, yana neman kisan da ya yi kama da wanda ke gabansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne su wa ake kashewa. Samuel Little na Amurka ya amsa cewa ya kashe mutum 93 tsakanin 1970 da 2005, FBI kuma ta tabbatar da fiye da rabinsu. Ya daɗe haka ne don ya zaɓi matan da ba mai nemansu, matalauta, masu zaman kansu, masu shaye-shaye, waɗanda in sun mutu sai a rubuta cewa ƙwaya ce. Mu juyo gida mu ƙirga namu. Almajirin da aka kawo daga wani ƙauye ba shi da takardar haihuwa, in bai dawo makaranta ba sai a ce ya gudu. 'Yar talla da ta fita da tiren gyaɗa. Yarinyar da aka ɗauko aikatau. 'Yar gudun hijira da danginta suka watse. Matar da ta bar gidan miji take zaman kanta, wadda in ta ɓace danginta ma kunyar zuwa komisariya, wato ofishin 'yan sanda, suke ji. Wanda ya san garinmu, in yana da wannan cutar a zuciyarsa, ya san inda zai yi kiwo ba mai ce masa kanzil.

Kuma kusan kullum akwai wadda ta tsira. Kafin mutum ya kai ga kisa yakan fara da leƙe, da tare hanya, da fyaɗe, da shaƙewar da ba ta kai ga mutuwa ba. A cikin garin akwai yarinyar da ta ƙwace ta gudu, ta san fuskarsa, ta san muryarsa da irin babur ɗinsa, amma uwarta ta ce a rufa asiri kada a rasa mijin aure. In da za a ba ni zaɓin inda za a sa masanin halayya guda ɗaya a lardinmu, ba kan gawa zan kai shi ba. Zan sa shi a ɗakin da irin wannan yarinyar za ta zauna ta yi magana ba tsawa ba zargi, a yi mata tambaya ba tare da an sa mata amsa a baki ba, a rubuta abin da ta faɗa a inda wani jami'i a wani gari zai iya gani.

A 1989, shekara uku kafin a kashe Rachel Nickell, mahaifiyar Robert Napper ta kira 'yan sanda da kanta ta ce ɗanta ya gaya mata ya yi wa wata mata fyaɗe a wani fili kusa da unguwarsu. Suka duba littafinsu ba su ga ƙarar da ta dace da wurin da ta ambata ba, suka bar maganar. Ba wanda ya je ya yi masa tambaya, ba wanda ya ɗauki jininsa. Matar da ya yi wa fyaɗen kuwa ta kai ƙara, an ma ɗauki shaidar DNA a jikinta, sai dai a cikin gidanta abin ya faru, gidan da bayansa ke kallon wani fili a yankin.